Wa ya saki igiya a ƙwallo na huɗu?

A tafkunan da suka kewaye birnin Orlando, a jihar Fulorida ta Amurka, akwai ƙorafin da masu koyar da zamiya a kan ruwa suka sha ji. Mai koyo zai kamo gefen jirgi yana haki, yana yarfe yatsu saboda zafi, ya rantse komai lafiya lau yake tafiya har ƙwallo na uku. A na huɗu ne igiya ta yi sako-sako ta kwanta a ruwa, kafin ya ankara ta miƙe ta fizge mariƙi daga hannunsa, shi kuma ya kifa da fuska. A sake jansa, ƙwallo na huɗu. Washegari ma haka. Abin ɗaure kan shi ne jirgi bai rage gudu ba, igiya ba ta ƙara tsawo ba, mai wasa kuma bai saki mariƙi da gangan ba. To daga ina rarar igiyar ta fito?

Sai an san filin kafin a nemi mai laifi. Wannan wasa da ake kira silalom a kan allo ɗaya siriri ake yin sa, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Jirgi mai inji yana bin miƙaƙƙen layi na mita 259, igiya tana ɗaure a wani turken ƙarfe a tsakiyarsa. Mai wasa zai shigo ta ƙofa, wato tsakanin wasu ƙwallaye biyu masu iyo, ya kewaye ƙwallaye shida, na farko a dama, na biyu a hagu, haka har na ƙarshe, ya fita ta wata ƙofar. Kowane ƙwallo yana nesa da layin jirgi da mita 11.5, kuma jirgi yana cin mita 41 daga daidai wannan ƙwallo zuwa daidai na gaba. Mu ɗauki mai koyo irin na kullum, ma'aikaci mai zuwa tafki ranar Asabar, ƙafar hagu a gaba, igiyarsa mita 18.25, jirgi yana gudun kilomita 49 a awa. A wannan gudu, daƙiƙa 19 ne wasan gaba ɗaya, daƙiƙa 3 tsakanin ƙwallo da ƙwallo.

Wanda ake fara zargi kullum shi ne direba, domin shi ne a bushe. A da can zargin yana da makama, lokacin da hannun mutum ne ke riƙe da totur, mai wasa mai nauyi kan ja jirgi baya, direba ya ƙara wuta, gudu ya yi ta hawa da sauka. Jiragen wasa na yanzu na'ura ce ke riƙe musu gudu da taimakon tauraron ɗan'adam, irin su Zero Off, aikin direba ya koma riƙe layi kawai. Gwajin ma ba wuya: a sa wani gwani a bayan jirgin nan, da direban nan, da igiyar nan. Zai kewaye shida igiya tana miƙe kamar ba ita ba. An wanke direba.

Daga nan mai koyo ya juya kan jikinsa. Ya ce ƙarfi ne ya gaza, ya koma ɗaga ƙarfe, ya dawo da damatsa sun cika. Abin mamaki, faɗuwar ta ƙara muni. Da, igiya kan saki kaɗan ne. Yanzu tana kwanciya a ruwa sosai, fizgar kuma har kafaɗa. Wannan ita ce alama ta farko mai amfani, ko da yake a lokacin ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci: ƙarin ja yana ƙara rarar igiya. Duk bayanin da za a kawo dole ya iya ɗaukar wannan.

Allo ma bai tsira ba. A ƙarƙashin wutsiyarsa akwai ɗan fiffiken ƙarfe da gwanaye ke matsarwa da ƙasa da milimita ɗaya, suna awo da ma'auni irin na makanikai. Masu koyo suna son wannan zance ƙwarai, domin ya fi daɗi a ce laifin ƙarfe ne. A ganina duk wanda bai taɓa kewaye shida ba, ya mayar da fiffike inda kamfani ya ce, ya ɓoye sukundireba. Mai koyon namu ya ari allon wani ya gwada. Ƙwallo na huɗu.

Zargi na gaba ya fi ƙarfi. Tsayuwa da ƙafa ɗaya gaba tana karkata ƙugu gefe guda, don haka kowane mai wasa yana da juyi mai daɗi da juyi mai wuya. Mai ƙafar hagu a gaba, juyinsa mai wuya yana a ƙwallo na biyu, na huɗu da na shida. Ga shi kuwa na huɗu ke kayar da shi, kamar an gama magana. Sai dai na biyu ma a wannan ɓangaren yake, kuma yana wuce shi ko da da ƙyar. Ɓangaren ya nuna dalilin da ya sa ba a na uku ko na biyar yake faɗuwa ba. Bai nuna abin da na huɗu ya fi na biyu da shi ba. Tazara ɗaya, ruwa ɗaya, juyi ɗaya. Bambancin da ya rage kawai shi ne na huɗu yana zuwa ne daga baya. Wato akwai abin da ke taruwa.

A nan mai koyo ya kawo shawarar da kowa zai kawo: a ƙara masa igiya, tunda da ƙyar yake kaiwa ƙwallo. Cikakkiyar igiya mita 23 ce, ana iya ba shi. Amma lissafin gwanaye ya rushe tunanin tun daga tushe. A gasa, idan jirgi ya kai iyakar gudu, kilomita 58 ga maza, 55 ga mata, igiya ake ragewa duk lokacin da mutum ya kewaye shida: daga 18.25 zuwa 16, zuwa 14.25, 13, 12, sai 11.25. A wannan mataki igiya ta riga ta gaza tazarar ƙwallo. A 2013 Ba'amurke Nate Smith ya kafa tarihin duniya da ƙwallo biyu da rabi a igiyar mita 9.75. Ko da igiyar ta miƙe sak a gefen jirgi, saura mita 1.75 ta kai ƙwallo. Cikon jikinsa ne: ya saki hannu ɗaya, ya kwanta kusan daidai da ruwa, hannu a mariƙi, ƙafafu can waje, domin doka allo take so ya bi ta bayan ƙwallo, ba mariƙi ba. Rabin nan kuwa yana nufin ya kewaye na uku ya juyo, amma bai kai ga layin ƙwallayen da ke nuna wa jirgi hanya ba.

Tambayar da ta dace ita ce yadda mutumin da ake ja a baya ya zo daf da gefen jirgin da ke jan sa. Hanya ɗaya ce: ya fi jirgin gudu na ɗan lokaci. Ko a takarda haka ne, domin yayin da jirgi ke cin mita 41, mai wasa yana ratsa aƙalla mita 47 a karkace cikin lokaci guda. Idan aka zauna cikin jirgi aka kalle shi, yaro ne a kan lilo, turke ne reshen, igiya ce igiya. Duk wanda ya taɓa hawa lilo ya san a ƙasa gudu yake, ba a sama ba. Ƙasan lilon nan shi ne bayan jirgi, inda taguwar ruwa biyu da jirgi ya bari suke. Saman kuwa shi ne ƙwallo, inda ya kamata gudu ya ƙare da kansa, mai wasa ya sauko zuwa gudun jirgi ko ƙasa da haka, jirgi ya fara tsere masa, igiya ta ɗame, sannan ya juyo.

Yanzu rarar igiya ta sami uba. Idan mutum ya iso ƙwallo yana nan ya fi jirgi gudu, ya kuma juyo ciki, to ya yanke ta cikin da'irar lilon, ya matso kusa da turke fiye da tsawon igiyarsa. Igiya ba ta da abin yi sai ta kwanta. Jirgi kuwa yana cin fiye da mita 13 a kowace daƙiƙa, nan take zai kwashe rarar, kuma hannun mai wasa ne zai biya. Shi ya sa ɗaga ƙarfe ya ƙara ɓarna: ya ƙara masa gudu a wurin da ya kamata ya riƙa rage shi. Ashe mai koyo ba jinkiri ne ke kayar da shi a ƙwallo na huɗu ba, gudu ne ya yi masa yawa.

Amma shi yana jin ya makara, kuma gaskiyarsa. Yadda za a haɗa makara da yawan gudu shi ne ƙulli na ƙarshe, kuma wayar hannu da aka ɗaura a turke ce ke kwance shi, muddin aka kalli bidiyon daga ƙarshe zuwa farko.

Daƙiƙa ɗaya kafin faɗuwa, ga shi ya wuce taguwa ta biyu da nisa amma har yanzu yana kishingiɗe yana ja, feshin ruwa na tashi a bayansa, idonsa ƙyam a kan ƙwallo. Gwani a daidai nan ya riga ya juya allo zuwa ɗaya gefen, yana shawagi. Me ya sa namu bai daina ja ba? A koma baya kaɗan: a kan taguwar farko allonsa a kwance yake, ba a kan kaifinsa ba, ya yi tsalle, ƙugu a baya, gwiwar hannu a lanƙwashe. Bai sami gudu a ƙasan lilo ba, dole ya nema a sama. Me ya karya masa tsayuwa? A koma ƙwallo na uku: igiya ta ɗan saki a can ma, ta fizge shi ta sunkuyar da shi, kuma bai gama juyi ba sai da ya wuce ƙwallo da 'yan mitoci. A na biyu haka, amma kaɗan. A na farko, wani ɗan girgiza ne da shi kansa bai ji ba. Kowane juyi yana ƙarewa can gaba da na baya, kowace ratsawa tana farawa a makare, sai ja ya ƙara tsawo, gudu a bakin ƙwallo ya ƙaru. Filin bai da inda ake biyan bashi, daƙiƙa uku ne kacal. Na huɗu shi ne inda bashin ya haɗu da juyi mai wuya.

Ƙugun nan da ke baya yana da tarihi. A 1922, a tafkin Pepin na jihar Minisota, Ralph Samuelson, saurayi ɗan shekara 18 da ya ƙirƙiro wasan, ya sha nutsewa kafin ya gano cewa sai ya jingina baya, hancin katako yana sama, sannan ruwa zai ɗauke shi. Har yau da wannan ake fara koya wa kowa tashi daga ruwa, kuma jiki ba ya saurin mantawa da abin da ya cece shi ranar farko. A fili kuwa, wanda ya zauna a wutsiyar allo birki yake takawa.

Saura tambaya ɗaya: wa ya girgiza shi a ƙwallo na farko, alhali babu wani ƙwallo kafinsa? Bidiyon ya koma har wajen fili. Mita 55 kafin ƙofa akwai wasu ƙwallaye biyu da masu wasa ke auna lokaci da su. Wajen nan ne ake fita hagu, a haura sama a kan lilo, a yi shawagi daidai gudun jirgi, sannan a juyo a ratsa ƙofa ta kusa da ƙwallonta na dama. Namu ɗan leƙawa hagu kawai yake yi, don tsoron kada ya kuskure ƙofa. Lilon da aka ɗaga kaɗan ba ya saukowa da ƙarfi. Yana ratsa tsakiyar ƙofa a hankali, ya ga ƙwallo na farko yana neman wuce shi, ya miƙe sak kansa yana ja har bakinsa. Igiyar da ta kwanta a daƙiƙa ta goma sha ɗaya, tun kafin a fara ƙidaya aka sake ta.

Maganin ba ya burge mai kallo. A rage gudun jirgi zuwa kilomita 46. A fita daga fili zuwa buɗaɗɗen ruwa inda babu ƙwallon da zai ja ido, a yi ta ratsa taguwa da hannu a miƙe, mariƙi a daidai ƙugu, allo a kan kaifi, a daina ja da zarar an wuce ta biyu. A dawo fili a yi ƙofa da ƙwallo na farko kaɗai, a bar sauran su wuce. Masu koyo suna ƙin wannan, domin man jirgi da tsada kuma mutum yana so ya koma gida da lamba. Alamar an dace ita ce abin da mai koyo zai fara ɗauka kuskure ne: zai tsinci kansa can waje kafin ƙwallo ya iso, yana jira, hannunsa babu nauyi.

Idan ya kewaye shida a 46, ya maimaita a 49, direba zai danna 52, tazarar ƙwallo ta koma ƙasa da daƙiƙa uku, daga nan 55, sai 58. Sai bayan haka ake taɓa igiya. Kowane mataki nata da launinsa: ja ne na 18.25, ruwan lemo na 16, rawaya na 14.25, har baƙi na 9.75. Ranar da mai lura da ke cikin jirgi ya cire ja daga turke ya maƙala ruwan lemo, lilon ya ragu da mita 2.25, faɗin da ke isa a ƙofa jiya ba zai isa ba, dole a sake auna inda ake fita hagu da inda ake juyowa.