KATANGA TSAKANIN COCI DA GWAMNATI: ASALIN AL'AMARIN A AMURKA



Sau da yawa idan aka ambaci raba addini da mulki, mai sauraro yakan zaci aikin waɗanda suka ƙi Allah ne. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa a Amurka ba haka abin ya faro ba. Masu addini ne suka nemi rabuwar, don gudun zaluncin 'yan'uwansu masu addini.

Bari mu ɗauki Birjiniya, ɗaya daga cikin yankuna 13 da Ingila ta mallaka. A can Cocin Ingila shi ne cocin gwamnati. Kowane magidanci, ko mabiyinsa ne ko ba mabiyinsa ba, tilas ya biya harajin riƙon limamansa, waɗanda doka ta yanka wa kowannensu laba 16,000 ta ganyen taba a shekara. Daga 1768 aka shiga ɗaure masu wa'azi na ɗariƙar Baftis, laifinsu kawai wa'azi ba da lasin ba. Watau Kirista ne ke ɗaure Kirista.

A 1777 Thomas Jefferson ya tsara dokar 'yancin addini, amma majalisa ta jingine ta. A 1784 sai Patrick Henry ya kawo shawara mai kama da adalci: a dawo da karɓar harajin, amma kowa ya zaɓi cocin da za a bai wa nasa. James Madison ya yi raddi a 1785, yana mai cewa hukumar da ta sami ikon fifita Kiristanci a kan sauran addinai, gobe tana iya fifita ɗariƙa guda a kan saura. 'Yan Baftis suka mara masa baya, aka zartar da dokar Jefferson a Janairun 1786. Jefferson ya faɗa daga baya cewa an nemi a saka sunan Almasihu a gabatarwar dokar, majalisa ta ƙi, alamar cewa inuwarta ta rufe Bayahude da Musulmi da Bahindu.

A 1791 gyara na farko ga tsarin mulkin Amurka ya hana majalisar tarayya kafa addinin gwamnati, ya kuma hana ta tauye ibada. Kalmar katanga kuwa ba ta cikin tsarin mulkin. Ta fito ne daga wasiƙar da Jefferson ya aika wa 'yan Baftis na Danbury a 1802. Hanin bai hau kan jihohi ba a lokacin, shi ya sa Masacusets ta riƙe cocin gwamnati har 1833.

To, sai tambaya mafi zurfi: ita doka, daga ina ta samo asali? Amurka ta gaji dokar gargajiya ta Ingila, wadda ta ginu a kan hukunce-hukuncen alƙalan baya. A 1676 babban alƙali Matthew Hale, cikin shari'ar wani da aka tuhuma da saɓo, ya yanke cewa Kiristanci ɓangare ne na dokar Ingila. In haka ne, katangar ta tsage tun daga tushe, domin addinin da aka hana majalisa kafawa zai shigo ta hannun alƙali. Jefferson ya musanta wannan a wata wasiƙa ta 1814. Hujjarsa ita ce, kabilun Sakson sun zo da dokarsu Ingila a ƙarni na 5, Kiristanci kuwa bai kafu a cikinsu ba sai wajen ƙarni na 7. Ɗa ba ya riga ubansa haihuwa. Hujjar tana da rauni, domin ƙarnoni da yawa kotunan coci ne ke duba aure da wasiyya a Ingila, kuma tasirinsu bai goge ba. Duk da haka, a 1917 kotun ƙoli ta Birtaniya ta ɗauki maganar Hale a matsayin ado na magana, ba ƙa'idar shari'a ba.

Wannan ya shafe mu, domin Nijeriya ta gaji dokar Ingila, kuma sashe na 10 na tsarin mulkin 1979, wanda aka maimaita a na 1999, ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na ƙasa, alhali tsarin mulkin ya tanadi kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a. Saboda haka, ɗalibi ko ma'aikaci da zai shiga wannan muhawara, ya fara tambaya: wane ne aka yi katangar don a tsare, kuma daga wa?