Kafin Katafila Ta Iso Rusaifa

Hausawan Rusaifa da maƙwabtanku na Hindawiyya da Shara Mansur a Makka, ku buɗe adakokin gidajenku. Ku buɗe su a wannan makon, kada ku ce sai bayan aikin hajji. Littattafan da iyaye suka bari suna salwanta. Abin da ke cin su sakaci ne, da wata magana da ta zauna a bakin matasa: ai komai yana cikin waya.

Ba komai ke cikin waya ba. Bukhari yana ciki, Muwaɗɗa yana ciki. Alƙur'anin da kakanka ya rubuta da hannunsa ba ya ciki. Mutanenmu sun daɗe a ƙasar nan. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'a masu yawa suka yi gabas. Wasu suka tsaya a Mai Wurno ta Sudan. Wasu suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, bayan shekaru suna tafe suna noma a hanya. Sun iso da gafaka a rataye. A ciki akwai Risala da Iziyya da Ishiriniya, da waƙoƙin wa'azi na ajami, da takardar da ke ɗauke da sunayen kakanni da garin da aka baro. Da yawansu kwafi ɗaya ne tak a duniya. Idan ya tafi, babu inda za a sake sauko da shi.

Rusau yana tafe. Ba sai an tsorata kowa ba, ido ya gani. Tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa na Haramaini a Rusaifa a 2018, ƙasar wannan yanki ta yi daraja. Aikin babban titin da ake kira Masar ya ratsa tsofaffin unguwanni ya nufi Harami. A Jidda, daga ƙarshen 2021, unguwanni da dama sun tashi cikin 'yan watanni. Ranar da aka sa alama a bango, lokaci ya ƙure. Za a ɗauki na'urar sanyaya ɗaki, a ɗauki firji da tukunyar gas. Adakar littattafai tana da nauyi, motar haya kuma ta cika. Sai a ce a dawo mata gobe. Gobe katafila ta riga kowa.

Ga kuma wanda takardunsa ba su cika ba. Idan aka kama shi aka kai gidan tsare baƙi na Shumaisi, da rigar jikinsa zai sauka a Kano ko Yamai. Mai gida zai kwashe kayan ɗakin ya sa ɗan haya. Ba zai tsaya tantance wace takarda ce mai daraja ba.

Ko ba rusau, ruwa ya isa. Makka kwari ce tsakanin duwatsu, kuma ambaliyarta ba ta sallama. A 1941 ruwa ya cika Harami har aka yi ɗawafi da iyo. Wata tawadarmu ta gargajiya irin wadda ake wankewa a allo ce. Yayyafin dare ɗaya a kan kwalin da aka bari saman rufi ya isa ya shafe aikin shekara. Abin da ruwa ya rage, gara da zafi za su ƙarasa.

Akwai haɗarin da ke zuwa da kyakkyawar niyya, kuma shi na fi tsoro. Littattafanmu na hannu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin fata. Yaro mai ladabi ya ga tsofaffin takardu da sunan Allah. Ba ya son a taka su. Sai ya tattara ya kai inda ake zuba tsofaffin mus'hafai don a ƙona ko a binne. Ya dawo gida yana ganin ya yi aikin lada.

Me ya sa bai gane abin da ke hannunsa ba? Don ba ya iya karanta shi. Ya tashi a makarantar gwamnati da ruwayar Hafsu da rubutun ɗab'i. Kakansa ya rubuta da ruwayar Warshu, da hannun Magaribi, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Yaron yana jin Larabci kamar ruwa, amma shafin ya gagare shi. Ajami kuwa ba a magana. Tsofaffin da ke iya karanta shi a unguwar nan suna raguwa, kowace shekara ana kai wasu makwanci. Kowane ɗayansu ya tafi, littattafan gida guda sun yi shiru, ko da suna nan lafiya a adaka.

Ita kanta wayar da aka dogara da ita, aro ce. A ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A Satumbar shekarar aka rufe layukan waya a Zamfara, aka yi makonni babu sabis. A Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Afirka ta Yamma ta shiga wahala. A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami. A irin wannan rana waya kan kashe kanta. Alhajin da ya zuba addu'o'insa da hukuncin jifa da sunan masaukinsa a cikinta, sai ya tsaya a Mina hannu wofi. Na kusa da shi mai ɗan littafin manasiki a jakar wuya yana ci gaba da ibadarsa.

Kuma wanda ya saba da jan allon waya da yatsa, zama da shafi ɗaya na rabin sa'a yana yi masa wuya. Fiƙihu ba ya shiga kai a guje. Sai an zauna gaban malami, an biya, an maimaita, an sa alƙalami a gefen shafi.

Ba a ce kowa ya jefar da waya ba. A ɗauki hoton kowace warƙa, amma a riƙe takardar, don hoto yana tafiya tare da wayar da aka sace. A sauko da littattafai daga rufi da ƙasan gado. A rubuta sunan kowanne da na mai shi. Kada a raba warƙoƙi tsakanin magada, littafin da aka raba ya mutu. A zaunar da yaro ɗaya a kowane gida gaban dattijon da ya iya ajami, ko da bayan magariba ne sau biyu a mako. Wanda ya san ba zai iya adanawa ba, ya nemi shawarar masu aikin: laburaren Jami'ar Ummul Ƙura a nan Makka, Gidan Arewa a Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Wanda kuma iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ya damƙa adakarsa ga amintacce tun yanzu, a gaban shaidu biyu.