Faɗin tazara a garke da matsalar zaɓen bijimin iri

Yawancin naman da mahauta ke sayarwa a kasuwar Kurmi da kewayen Jakara na shanun kiwon daji ne, Bunaji da Bokoloji da Rahaji, waɗanda ake sarowa daga karar Wudil, Dambatta ko Maigatari. Ma'aunin dillali a kara idonsa ne: ya dubi tozo, ya dafa ƙugu, ya yanke kuɗi. Wannan ya wadatar ga san da za a kai kwata gobe. Bijimin da za a bari ya yi barbara kuwa tambayarsa daban ce: nawa ne daga cikin wannan jiki zai gadar wa 'ya'yansa, nawa ne kuma aikin harawa da dusa da gurya?

A shanun nama, gado na ɗaukar kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na bambancin nauyin maruƙa lokacin yaye. Saura ciyawa ce, da nonon uwa, da cuta, da kulawa. Shi ya sa masana ke gwada maraƙi da tsararrakinsa kawai, wato 'yan garke ɗaya da aka haifa a yanayi ɗaya. Lissafin BLUP, wanda Charles Henderson na Jami'ar Cornell a Amurka ya tsara kuma ya bazu daga shekarun 1970, yana haɗa awon dabba da na danginta ya fitar da darajar irinta. Sai dai a sauƙaƙƙen tsarinsa yana ɗaukan cewa tazarar da ke tsakanin manya da ƙananan maruƙa faɗinta ɗaya ne a kowane garke. A nan gizo ke saƙa.

A kiwon daji hakan ba ya tabbata. Inda abinci ya wadata, mai ƙarfin girma yakan yi wa 'yan'uwansa fintinkau, tazara ta buɗe. Inda bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare, sai yunwa ta danne kowa, nagari da na banza su taru kusa da juna. A ɗauka akwai garke biyu. A na ruga, yawancin maruƙa ba sa kauce wa matsakaicin nauyi da fiye da kilo 10. A na gona mai ciyarwa, kaucewar takan kai kilo 25. Maraƙin ruga da ya ɗara tsararrakinsa da kilo 20 gwarzo ne, domin ya ninka tazarar garkensa sau biyu. Na gona da ya ɗara da kilo 30 da kaɗan ya wuce abin da aka saba gani. Lissafin da bai lura da wannan ba na gonar zai ɗora a gaba.

William Hill na Jami'ar Edinbara ya nuna a 1984 cewa idan aka yi zaɓe daga rukunoni masu tazara mabambanta, mafi yawan zaɓaɓɓu daga rukuni mai faɗin tazara suke fitowa, ko da irinsu bai fi ba. Illar ba ta cika taɓa bijimin da 'ya'yansa suka warwatsu a garke da yawa ba, don kuskuren wani wuri na goge na wani. Saniya da ɗan bijimin da duk awonsu a garke ɗaya yake su ke kwana ciki.

Ba kullum ba ne fifita garke mai faɗin tazara yake zama kuskure. Idan wadatar abinci ta sa gado ya fi bayyana a can, awonsa ya fi abin dogaro. Amma akwai wata tambayar a ƙasa: shin jinin da ya yi fice a gaban kwamin dusa shi ne zai yi fice a dajin Falgore a watan Afrilu? Tun 1952 Douglas Falconer ya ba da shawarar a ɗauki girma a muhalli biyu tamkar halaye biyu masu dangantaka. Gyara mafi sauƙi ga matsalar tazara kuwa shi ne a raba fifikon kowace dabba da faɗin tazarar rukuninta kafin a shiga lissafi. Masu binciken shanun Nelore a Birazil, inda mafi yawan shanun nama a fili suke kiwo, sun daɗe suna gwada waɗannan hanyoyi.

A arewacin Najeriya cikas ɗin ya riga lissafi zuwa. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, wadda ta samo asali daga gonar kiwon da aka kafa a 1928, tana da awon Bunaji na shekaru masu yawa, kamar yadda tashar Tukunus a Nijar take da na shanun Azawak. Amma awon tasha na dabbar da ake kula da ita ne. A ruga ba sikeli, maruƙan da ake haifa lokaci ɗaya 'yan kaɗan ne, garke kan cuɗanya a mashaya har a rasa uban maraƙi. Makiyayi dai ya san asalin kowace saniya ta wajen uwa har kaka da kakanni, kuma igiyar awon ƙirji na ba da ƙiyasin nauyi mai kyau. Da a rubuta waɗannan biyu tare da watan haihuwa da wurin da garke ya yi rani, da an samu abin auna tazarar kowane rukuni.