Sharar Gari Da Takin Gona: Abin Da Ya Sake

Zuwa ga manoma da dagatai da masu unguwa.

Kowa ya sani tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano ba su barin gona ta huta, amma kuwa ba ta gajiya. Dalili shi ne taki. Da rani a kan shiga birni da jakuna ɗauke da itace ko kara, a komo da mangala cike da sharar gari, a zuba tsibi tsibi cikin gona kafin saukar damina. Sharar wancan zamani toka ce da ƙaiƙayi da kashin awaki da ganyen ɗaurin goro, duka abin da ƙasa ta ke ci ne.

To, yau juji ya sake hali. Leda ta shiga cikinsa, da robar ruwa, da fasassun kwalabe, da mataccen batir, har da allurar da aka yi wa marar lafiya. Leda ba ta ruɓa kamar ganye. Ta kan kwanta cikin kunya shekara da shekaru, ta tare ruwa, ta hana saiwa tafiya. Da kaka kuwa, sa'ad da aka saki dabbobi cikin gonaki, sai akuya ko saniya ta haɗiye ta. Ledar ta dunƙule cikin tumbi, dabba ta yi ta rama alhali ana ba ta abinci, har ta mutu. Ku tambayi mahauta, su ne shaida.

Saboda haka hukumomi suka shiga sake dokoki. A Nijeriya, bayan da gwamnatin soja ta kafa Yaƙi da Rashin Ɗa'a cikin 1984, aka soma keɓe Asabar ta ƙarshen wata domin share gari. Ƙasar Ruwanda ta hana leda cikin 2008, Jamhuriyar Nijar ta yi doka a kanta cikin 2014, Kenya cikin 2017. Jihar Legas ta hana farar robar nan mai kumfa da a ke zuba abinci cikinta a farkon 2024. Amma doka ba ta tsince leda daga gonar kowa. Kwashe shara kuma ba rarrabe ta ba ne. Motar da ta ɗebo juji, yadda ta same shi haka za ta juye maka.

Maganin abin tun daga gida ne, gama rarrabe shara a tsakar gida ya fi sauƙi bisa ga tsintar ta a gona. A kasa ta uku.

Abin da ya ke ruɓa, watau ɓawo da sauran abinci da ganye da shimfiɗar turke da toka, ramin taki ya ke. A haƙa rami a inuwa, zurfin ƙafa uku, nesa da rijiya ƙwarai. A shimfiɗa yankakken kara ko ciyawa kamar tazarar babban yatsa da na tsakiya, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, sa'an nan a sake wani hawa har rami ya cika. Kada ruwa ya yi yawa: in ka damƙa ka ji danshi, amma bai ɗiga ba, ya isa. A soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki ka zare ta, in ka ji ta da zafi aiki ya kama. Zafin nan shi ne ya ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwan tsutsar ciki, abin da ɗanyen juji ba ya yi. A juya sau uku, cikin wata uku ya kan nuna, ya yi baƙi, ba wari. Wannan dabara wani Bature mai suna Albert Howard ya tsara ta a garin Indore ta ƙasar Indiya, ya buga bayaninta cikin 1931.

Gwangwani da ƙarfe da tsofaffin takalman roba kuɗi ne. A tara su cikin buhu don masu saye.

Na uku shi ne leda da kwalba da batir da allura. Kada a ƙona leda, hayaƙinta dafi ne, tokarta kuma ba ta taki ba ce. Batirin mota da na wutar rana akwai dalma da ruwa mai ƙuna cikinsu. A mai da su wurin mai sayarwa, kada yara su fasa.

Dagatai, wannan sashi naku ne. Ku keɓe wuri guda a bayan gari, ba bakin rafi ko kududdufin da a ke shayar da dabbobi ba, a yi masa shinge. Wanda kuma zai sayi jujin birni, ya duba shi tun yana kan mota kafin ya biya, ya sa a tankaɗe shi da rariyar waya irin ta magina a bakin gona. Mai son a gwada masa aikin rami da ido, sai ya nemi malamin gona na gundumarsa tun kafin ƙarshen kaka, lokacin da kara ya ke da yawa.