Tsirran da Suka Saba da Guba

Idan aka daɗe ana haƙar ma'adinai a wuri, akan bar tulin ƙasa da tsakuwa masu ɗauke da dalma, ko tutiya, ko tagulla. Yawancin tsirrai ba sa iya rayuwa a kan irin wannan ƙasa, domin ƙarfen yakan hana saiwa miƙewa, sai ganye ya yi rawaya, tsiron ya tsumbure ya mutu. Duk da haka, akan tarar da wasu ciyayi sun kafu a wurin, har suna yin fure. Yaya suke yi?

Wani masanin tsirrai mai suna Anthony Bradshaw ya bi diddigin wannan tambaya a yankin Wales na Birtaniya, ya kuma bayyana sakamakon a 1952. Ya ɗebo ciyawar da ake kira Agrostis daga wata tsohuwar mahaƙar dalma, ya ɗebo irinta daga makiyayar da ke kusa, ya dasa su duka a ƙasar mahaƙar. Ta mahaƙa ta yi girma, ta makiyaya kuwa ta kasa. Ke nan juriyar gado ce: a cikin dubban irin da iska ta zubar a kan tulin, 'yan ƙalilan masu ƙarfin jurewa ne suka tsira, zuriyarsu ta mamaye wurin.

Hanyar jurewa iri biyu ce. Ta farko, wadda mafi yawan tsirrai ke bi, ita ce tsare ƙofa. Tsiron yakan riƙe ƙarfen a cikin saiwarsa, ya hana shi hawa zuwa kara da ganye. Ta biyun ta fi ban mamaki, domin tsiron da kansa yake zuƙo ƙarfen, ya ɗaure shi da wasu sinadarai masu tsami, ya kai shi ganye. A can yakan kulle shi a cikin wata 'yar jaka da ke cikin ƙwayoyin halittar ganyen, nesa da inda ake sarrafa abinci, kamar yadda mai gida kan ajiye maganin ɓera inda hannun yara ba ya kaiwa. An san ire-iren waɗannan tsirrai kimanin 700, kuma galibinsu ƙarfen nikel suke tarawa. A tsibirin Sabuwar Kaledoniya akwai wata bishiya, Pycnandra acuminata, wadda ƙaronta shuɗi-shuɗi ne, kuma idan ya bushe kusan rubu'insa nikel ne. Masana da yawa na ganin amfanin wannan wahala shi ne kāre kai, don ƙwaron da ya ci ganyen ba ya marmarin sakewa.

Masu neman ma'adinai sun daɗe da gane darajar irin waɗannan tsirrai. A Zambiya akwai wani ɗan'uwan ɗaɗɗoya da ake yi wa laƙabi da furen tagulla. Inda ya yi yawa, sai a sa ran akwai tagulla a ƙarƙashin ƙasa.

To, ko za a iya wanke gurɓatacciyar ƙasa da tsirrai? Ana yi, amma a nan ya kamata a yi hattara da yawan buri. A Albaniya ana shuka wani tsiro mai tara nikel, a girbe, a ƙone, a fitar da ƙarfen daga tokar. Dalma kuwa ba haka take ba: takan manne wa ƙasa, abin da ya shiga tsiro kuma yakan tsaya a saiwa. Saboda haka ciyawa na iya rufe fili kore shar, alhali gubar tana nan daram, dabbar da ke kiwo a wurin tana haɗiyar ta tare da ƙura.

Shi ya sa a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ba a jira tsirrai ba. Kankare saman ƙasar gidajen aka yi, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa. A ƙauyen Bagega sai a 2013 aka samu yin wannan aiki.