Ka Sayi Sabon Injin Yankan Katako? Ga Abin Da Za Ka Yi Kafin Ka Kunna Shi

Tun da Lafiya ta zama hedikwatar jihar Nasarawa a 1996, aka kuma kawo jami'ar tarayya a 2011, gine-gine ba su tsaya ba. Kowane sabon gida a Shabu ko Bukan Sidi yana son ƙofa, gado da kabad. Shi ya sa matasanmu da dama da ke Agege, Sabon Ibadan ko Anaca suke tara kuɗi su sayi injin yankan katako mai tebur, su aiko wa ƙane, ko su dawo da shi su buɗe shago. To amma injin nan ba zarton hannu ba ne. Ranar farko ranar saiti ce, aiki sai daga baya.

Fara da wuta

Tun a wurin saye ka karanta ƙaramin ƙarfen da ke manne a jikin mota. Wutarmu ta Najeriya 230 ce, saboda haka ka ga an rubuta 220 zuwa 240. Injin tokumbo da ya fito daga Amurka galibi 120 ne, kana jona shi kai tsaye ya ƙone. Ka kuma tambaya ko mai layi ɗaya ne ko mai layi uku, don manyan injina ba sa tashi da wutar gida.

Ƙananan injina na cin wat 1,500 zuwa 2,000, kuma lokacin tashi suna jan ninki biyu ko uku na hakan. Kenan ƙaramin janaretan nan na cajin waya ba zai ɗauka ba. Idan AEDC ta kawo wuta ba ƙarfi, ka ji injin yana gurnani, kashe shi, in ba haka ba sai ka kai wa mai naɗin koyil. Wayar da za ka ja kada ta gaza mai kauri 2.5, kuma a haɗa ta ƙasa.

Zama da saiti

Ajiye injin a daɓe mai laushin kai, ka ɗaure shi da noti a kan ƙafarsa har ya daina rawa. Bar fili gaba da baya, domin falon katako ɗaya ƙafa 4 ne a ƙafa 8. Daga nan zare fulogi daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, musamman a garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sallama.

Abu huɗu za ka duba. Na farko, haƙoran zarton su fuskanto ka ta sama, notin kuma ya ɗauru. Na biyu, ɗaga zarton har ƙarshe, ka jingina sikwaya a jikinsa tsakanin haƙora, ka tabbatar yana tsaye cak a kan 90. Na uku, akwai kwari da aka yi a kan teburin daga gaba zuwa baya. Yi wa haƙori ɗaya alama da biro, ka auna tazararsa da kwarin a gaba, ka juya wannan haƙorin zuwa baya ka sake aunawa. Awon biyu ya zo ɗaya. Na huɗu, dogon ƙarfen da katako ke bi, wanda ake kulle shi a gefe, shi ma ya yi daidai da kwarin. Idan bayansa ya karkato wajen zarto ko da kaɗan ne, zai matse katakon.

Ƙarfen da ake cirewa

A bayan zarton akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa. Ka zaga shaguna ka gani, da yawa sun kwance shi tare da murfin sama sun jefa a lungu, wai yana rage musu sauri. Aikinsa shi ne hana tsagar katakon rufewa a kan zarto. Idan ta rufe, haƙoran baya da ke tasowa sama sai su ɗaga katakon su wurgo maka shi, hannunka kuma ya bi zuwa kan zarton da ke juyawa wajen sau 4,000 a minti ɗaya. Mu da muka tashi a kara mun san ba a tsayawa daidai ƙafar bijimi. Haka nan ma, tsaya ɗan gefe, ka bar layin zarto.

Wannan haɗarin ya fi yawa da ɗanyen katako. Malainar da aka yanko jiya tana murɗewa a tsakiyar yanka. Bar ta ta sha iska. Tsohon katakon rufi kuwa, a bincika ƙusa tukuna.

A Amurka, inda kayan kariya suke a wadace, sama da mutum 30,000 ne ke zuwa asibiti duk shekara saboda wannan injin. Har akwai kamfanin SawStop da ke ƙera wanda ke tsayawa da zarar ya taɓa fata, sai dai kuɗinsa ba na mai fara sana'a ba ne. Mu kariyarmu ita ce saiti da natsuwa.

Yankan farko

Ɗaga zarton ya leƙo saman katakon da kamar rabin santimita kawai. Don tsaga katako a tsaye, zarto mai haƙora 24 ya fi. Don falo da MDF nemi mai 60 zuwa 80. Sassaƙa sandar turawa guda biyu daga guntun katako, duk lokacin da hannunka zai kusanci zarto da ƙasa da inci 6, su za su yi aikin. Kada ka taɓa yanka a sake ba tare da katakon ya jingina da komai ba.

Cire babbar riga, naɗe hannun kaftani, ajiye carbi da agogo. Safar hannu ma haɗari ce, zarto na iya fizgar ta. Sa gilashin ido da takunkumi, don ƙurar MDF tana cutar da ƙirji. Yaron da ke bayan tebur tallafe katako zai yi, ba ja ba. Gwada da guntu, ka auna da sikwaya, in ya kauce ka zare fulogi ka gyara.

Wanda zai aiko da injin gida, ya haɗa da kuɗin tabarau da zarto na biyu, ya kuma sa ƙanen ya zauna gaban wani tsohon kafinta ko da na 'yan makonni ne. Katako in ya lalace a sayo wani, yatsa kuwa ba a sayar da shi a kasuwa. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya tsare mu.