Ciwon Madura A Ƙasar Sudan

Can ƙasar Sudan, wajajen Jazira da Sinnar inda Hausawan Mai Wurno suke noma, akwai wani ciwo da ake ce masa madura. Asalinsa galibi wata ƙwaya ce dangin funfuna, mazauninta ƙasa mai gajerar damina da dogon rani, inda itatuwan ƙaya suka yawaita. Manomi ko makiyayi ya fita ba takalmi, ƙaya ta soke shi, shi ke nan ta shiga.

Da fari kumburin ba ya zafi, don haka talaka yakan ƙyale shi shekaru, ga asibiti da nisa, ga gona na jira. Sannu a hankali sai wurin ya huhhuje, yana fitar da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, har ya ci ƙashi. Maganin kuwa da tsada, ana shansa kamar shekara guda. Wani sai an yanke ƙafar, mai ciyar da gida ya koma abin ciyarwa.

A 1991 Jami'ar Kartum ta kafa cibiyar binciken ciwon. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Yaƙin 2023 ya tsayar da aikin cibiyar a Kartum, majinyata suka watse ba magani.